Zuwa Jakarta sarin kaya karon farko: hanyar isa da yadda ake zirga-zirga a cikinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Kantin Kwari, ina sayar da hijabai da dogayen riguna da kayan yara. Dubai na saba zuwa, amma bana ina son in gwada Jakarta, ni da ƙanena, na kwana 10. Ta ina ake bi, kuma in mun sauka yaya za mu yi da abin hawa? An ce mini cunkoson garin ya fi na Legas.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya sa a je lafiya a dawo da riba.

Wanda ya ba ki labarin cunkoson bai ƙara gishiri ba. Jakarta, babban birnin Indonesiya, da garuruwan da suka manne da ita, wato Bogor da Depok da Tangerang da Bekasi, suna ɗauke da mutum sama da miliyan 30, kuma kullum safiya jama'a ke kwararowa tsakiyar birni, da yamma su juya. Akwai kalmar da za ki ji ta fi sau goma a rana: macet. Ita ce gosulo a bakinsu. Sai dai mai ba ki labarin a rabi ya tsaya, don bai gaya miki cewa garin yana da jiragen ƙasa da motocin bas masu hanyarsu ta daban ba. Na daɗe ina raka 'yan kasuwarmu a can, kuma abin da na ga ya fi cinye musu riba shi ne lokacin da suke zubarwa a kan titi. Mutum ya zo da kwana 10, ya kama otal can nesa don hotonsa ya burge shi a waya, sai ya ƙare kullum yana kashe awa 4 a bayan tasi yana karanta lambar motar gabansa. Shi ya sa duk bayanin da zan yi miki kan abu biyu zai riƙa dawowa: ki kwana kusa da inda za ki yi ciniki, kuma ki raba hanyar jikinki da ta kayanki.

Bari mu fara daga gida, don a nan tafiyar mutane da yawa take mutuwa tun ba a ɗaure jaka ba. Mai fasfon Najeriya ba a buga masa biza a filin jirgin Indonesiya. Najeriya tana cikin wasu 'yan ƙasashe ƙalilan da aka ware, waɗanda sai an tantance mai nema daga hedikwatar hukumar shige da fice da ke Jakarta, kuma sai da mai tsaya masa a can, wanda zai sa hannu cewa shi ke da alhakinsa har ya fita daga ƙasar. Abin yakan ci makonni. Yawancin 'yan kasuwa, kamfanin da za su yi sari a wurinsa ko kamfanin da zai yi musu jigilar kaya ne ke tsaya musu. Kada ki yanki tikiti sai biza ta fito. Dillalin da ya ce miki kwana uku an gama, ko sisi kada ki ba shi. Ki tuntuɓi ofishin jakadancin Indonesiya da ke Abuja ki ji sharuɗɗan daga bakin masu abin. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, ki riƙe tikitin dawowa da katin rigakafin shawara. In biza ta fito, ki ƙirga kwanakinta da yatsa. Duk rana ɗaya da mutum ya ƙara, tarar rupiya 1,000,000 ce, in ya haura kwana 60 kuma magana ta tashi daga tara ta koma tsarewa da kora.

Sai maganar saƙo, wadda ba na gajiya da maimaita ta. Mu mutane ne masu kara. Wani zai aiko har gida, ko ya tare ki a filin jirgi, "don Allah Hajiya ga ɗan ƙunshi a miƙa wa ɗan'uwana", ki ji nauyin cewa a'a. A wannan tafiyar ki bar kara a gida. Hukuncin safarar ƙwaya a Indonesiya yana iya kaiwa ga kisa, kuma sun sha zartarwa: a 2015 da 2016 an harbe mutane a tsibirin Nusakambangan, cikinsu da 'yan Najeriya. Don haka in kin ga an ɗan tsawaita tambaya da aka ga koren fasfo, kada ranki ya ɓaci. Ki amsa a natse, ki nuna takardar otal da ta wanda ya gayyace ki. Jakar da ba ke kika shirya ta da hannunki ba, kada ta hau sikeli da sunanki. Ki ja wa ƙanenki kunne shi ma.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai-tsaye zuwa can. Daga Kano ko Abuja ko Legas za ki yada zango a Doha, ko Dubai, ko Santambul, ko Jidda, ki canza jirgi. Daga Doha kaɗai wajen awa 9 ne a sama. In an haɗa da jira, tafiyar takan ci kusan kwana da yini. Wajen zaɓen tikiti kowa farashi yake dubawa, ni kuwa lokacin sauka nake fara dubawa. Jirgin da ya sauke ki ƙarfe 3 na yamma, kafin ki gama da jami'ai ki ɗauki jaka 5 ta yi, wato ya jefa ki tsakiyar tashin ma'aikata. Wanda ya sauka da daddare ya fi, ko da an ɗan ƙara kuɗi.

Agogonsu yana gaba da namu da awa 6, kuma wannan ya shafi cinikinki fiye da yadda ya shafi barcinki. Lokacin da ake buɗe shaguna a can, Kano tana tsakiyar dare. Lokacin da yaran shagonki za su buɗe a Kwari, can an doshi la'asar, an fara sauke ƙofofi. Tsakanin nan da nan awa ɗaya ko biyu kawai kuke da su na tura hoto a tambayi "wannan launin zai shiga?" Ki riƙa tura hotunan abin da kika gani yau da yamma, ki kwana da amsa, gobe ki shiga kasuwa kin san abin da za ki ɗauka.

Filin jirgin sunansa Soekarno-Hatta, yana Tangerang, arewa maso yamma da birnin. Yawancin jiragen ƙasashen waje a tasha ta 3 suke sauka. Takardar shigowa da ta kwastam a intanet ake cike su kafin a iso, sai a ba ki wata alama ta sikanin, ki ajiye hotonta a waya. In tsabar kuɗin da ke hannunki ta kai darajar rupiya miliyan 100, wato dala 6,000 da 'yan kai, wajibi ne ki bayyana, kuma bayyanawar ba ta rage miki komai. Ɓoyewar ce ke jawo tara. Kilishi da dambun nama ki haƙura da su, don nama yana cikin abin da suke sa wa ido.

Abu biyu za ki yi kafin ki fita daga ginin: layin waya da ɗan canji. Layi da fasfo ake yi masa rajista, akwai masu sayarwa a nan zauren fitowa, kuma Telkomsel ya fi ƙarfi. Manhajojin kiran mota da babur na Grab da Gojek kuwa tun kina Kano za ki sauke su ki yi rajista, lokacin da lambarki ta gida take karɓar saƙo. Canji kaɗan za ki yi a filin jirgi, na tasi da abinci, sauran ki bari sai cikin gari. 'Yan canjinsu suna da tsirfa: dala ɗari-ɗari sababbi fil suke so, wadda ta lanƙwashe ko aka yi wa rubutu sai su rage mata daraja. Kuɗinsu kuma sifili ya yi masa yawa. Takarda mafi girma ita ce ta 100,000, ja ce; ta 50,000 shuɗiya. Suna sa ɗigo inda muke sa waƙafi, sai ki ga 150.000. Dubu ita ce ribu, miliyan juta, amma a kasuwa ba sa wahalar da bakinsu: in mai shago ya ce 50, dubu 50 yake nufi.

Yanzu fita daga filin jirgi. Zuwana na farko wani mai fara'a ya tare ni a bakin ƙofa, ya karɓe mini jaka yana ta "Assalamu alaikum", ya kai ni wata mota marar mita. Abin da na biya shi ya isa tasi uku. Baƙo ko da ido makaho ne. Ki wuce duk mai kiranki, ki bi allon da ke nuna wurin tasi, ki shiga layin Bluebird, masu launin sararin sama da hoton tsuntsu. Da mita suke aiki, wadda suke kira argo. Akwai masu kwaikwayon launin, don haka ki duba sunan kamfanin a gilashin gaba. Ko kuma ki kira mota ta Grab ko Gojek, su ma suna da wurin ɗaukar fasinja, kuma tun kafin ki shiga kin ga farashi. Kuɗin tolget ke za ki biya. Direba zai dangwala katinsa, ya ɗora miki a ƙarshe. Da daddare ƙasa da awa ɗaya kin isa Tanah Abang, unguwar babbar kasuwar tufafin da za ki yi sari. Da yammacin ranar aiki, musamman in an yi ruwa, awa biyu ba abin mamaki ba ne.

Akwai kuma jirgin ƙasa na filin jirgi, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2017. Wani ƙaramin jirgi na kyauta da ke zagaya tashoshin filin zai kai ki inda ake hawansa. Bai cika awa ɗaya ba ya shiga gari, ko ana ruwa ko ana macet. Abin haushin shi ne yana ratsa tashar Tanah Abang ba ya tsayawa. Sai dai ki sauka a tashar Duri ki hau jirgin gari tasha ɗaya, ko ki sauka a tashar BNI City ki ɗauki tasi na 'yan mintuna. Da manyan jakunkuna na biyun ya fi, don Duri da yamma ba wurin jan akwati ba ne. Ku biyu da kaya, in da dare kuka sauka ku ɗauki tasi. In da yamma ne ku ɗauki jirgi.

A mota za ki ga sitiyari a dama, ana tafiya a hannun hagu, irin yadda ake yi a Najeriya kafin 1972. A cikin mota abin dariya ne, amma wajen tsallaka titi ba wasa ba ne, don idonki ya saba duban hagu da farko, alhali motar daga dama za ta fito. Kwana biyun farko ki riƙa raɓa 'yan gari kina tsallakawa tare da su. Za ki ga suna ɗaga tafin hannu ga motoci suna tafiya a hankali, ba gudu.

Masauki. A nan ne za ki ci ribar tafiyar ko ki zubar da ita. Kayan da kika lissafa, cibiyarsu Tanah Abang ce, kasuwar da ta kafu tun 1735 zamanin mulkin Holan, wadda ake ƙirgawa a matsayin babbar kasuwar tufafi ta kudu maso gabashin Asiya. Ki nemi otal a titin Wahid Hasyim, ko unguwar Kebon Kacang, ko titin Mas Mansyur. Daga nan da ƙafa ko da ɗan keke za ki shiga kasuwa, Thamrin City ma tana kusa, ga masu abinci na titin Sabang da daddare. A tsallaken layin dogo kuma, wajen titin KS Tubun da Petamburan, nan mutanen Afirka ta Yamma suka fi taruwa, da ofisoshin masu jigilar kaya da wuraren abinci irin namu. A adireshi in kin ga Jl., titi ne; in kin ga Gg., lungu ne, kuma wani lungun mota ba ta shiga. Ki tambaya kafin ki biya, kada ki ja akwati cikin ruwa. Ki kuma sayi abin haɗa caja, don soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne.

Ita kanta kasuwar ba fili ba ce irin tamu, benaye ne: Blok A, Blok B, Blok F, da Metro, wasu sun haura hawa 10, an haɗa su da gadoji. Shago yana da adireshi kamar gida: lantai shi ne hawa, los shi ne layi, sai lamba. Lissafin hawan ma yana da ruɗani, don akwai na ƙarƙashin ƙasa masu haruffa, kuma bayan 3 za ki ga 3A maimakon 4. Duk shagon da kayansa suka yi miki, ki ɗauki hoton allonsa nan take. Na sha ganin wanda ya ce "bari in zagaya in dawo", ya yini bai sake ganin shagon ba. Da kodi ake sari, wato guda 20. Lusin kuma dozin ce. Litinin da Alhamis, Senin da Kamis a bakinsu (kin ga ba su yi nisa da namu ba, duk daga Larabci muka aro), ranakun Pasar Tasik ne, lokacin da masu ɗinki daga Tasikmalaya ke kawo hijabai da dogayen riguna masu aiki tun da sassafe. Ranakun nan ki fito da wuri, ki kuma sani titunan kewayen sun fi cushewa.

Ga inda nake cewa ki raba hanyarki da ta kayanki. Kada ki sayi kodi 10 ki ce za ki cusa su a tasi zuwa otal, gobe ki sake kwaso su. Tun ranar farko ki daidaita da mai jigilar da za ki yi aiki da shi, ya ba ki alamar da za a rubuta a jikin dilolinki. Duk abin da kika saya, mai shago ya ɗaure, ya rubuta alamar, ɗan dako ya tura a kura zuwa sito. Ke dai ki riƙe rasit, wanda suke kira nota, da yamma ki leƙa sito ki ƙirga. Na jirgin ruwa daga tashar Tanjung Priok yake tashi, yakan haura wata kafin ya iso Legas. Na sama ya fi sauri, ya fi tsada, da kilo ake biya. In kin yi haka, abin da ya rage a hannunki 'yar jaka ce da waya, kuma mai 'yar jaka duk garin a buɗe yake gare shi.

Mabuɗin kuwa kati ne. Jiragen gari da bas ba sa karɓar tsabar kuɗi. Bankunansu suna da katunan da ake loda wa kuɗi ba sai da asusu ba, irin su e-Money na Mandiri da Flazz na BCA. Ana samunsu, ana kuma ƙara musu kuɗi, a ƙananan kantunan Indomaret da Alfamart, waɗanda kusan kowace kwana akwai ɗaya. Kowa da nasa, ke ɗaya ƙanenki ɗaya, don ana dangwalawa a shiga, a sake dangwalawa a fita.

Wanda zai fi yi miki amfani shi ne jirgin gari, KRL. Tashar Tanah Abang tana jikin kasuwa, akwai gadar sama da ta haɗa su tun ƙarshen 2018. Rupiya 3,000 ne kilomita 25 na farko, kusan kuɗin gorar ruwa. Daga nan in kin bi ta Duri zuwa Kampung Bandan kin isa Mangga Dua, inda ake samun jakunkuna da takalma da kayan lantarki; gaba kaɗan wajen tashar Kota akwai Asemka ta kayan kwalliya da sarƙoƙi da kayan wasan yara. In kin bi ɗaya hannun ta Manggarai kin isa Jatinegara, inda kasuwar duwatsun zobe ta Rawa Bening take daura da tasha. Wanda ya san jirgin nan shekarun baya, lokacin da samari ke hawa rufinsa, ba zai gane shi yau ba: ga sanyi, ga tsabta, ga masu gadi. Amma tsakanin 6:30 da 9 na safe, da kuma daga 4:30 zuwa bayan isha'i, tashoshin Tanah Abang da Manggarai sai mai ƙarfin kafaɗa. Taragon farko da na ƙarshe na mata ne zalla. Ki shiga nan, ƙanenki ya shiga na kusa, ku yi alkawarin inda za ku haɗu in kun sauka. 'Yan garin kan yi ba'a cewa turereniyar taragon mata ta fi ta maza zafi, kuma matan da na raka ba su ƙaryata ba. Jaka a gaba, waya a ciki, don 'yan sane ba su da ƙasa.

Na biyu shi ne TransJakarta, wadda kowa ke kira busway. A 2004 aka fara ta, an kwaikwayo daga Bogota ta Kolombiya: an yanke wa bas layi a tsakiyar titi, an yi masa shinge, motoci na tsaye ita tana wucewa. Shekara da shekaru kuɗinta yana 3,500, kuma muddin ba ki fita daga tasha ba kina iya canza bas ba ƙari. Layi na 1 shi ne ƙashin bayanta, daga Blok M zuwa Kota, yana bi ta shataletalen Bundaran HI da hasumiyar Monas da Glodok. Layi na 13, wanda aka ɗora a kan gada, yana bi ta kasuwar Cipulir, ita ma ta kayan sawa ce masu sauƙi. Gaban bas na mata ne, akwai ma masu launin hoda da maza ba sa shiga. Aibinta guda: tashoshin a tsakiyar titi suke, sai an hau doguwar gada an sauko, mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa.

MRT, jirgin da ke bi ta kan gada da ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a Maris 2019 da bashin Japan, shi ne abin alfaharin garin: kilomita 16, tasha 13, minti 30 daga Lebak Bulus zuwa Bundaran HI. Ki hau ko sau ɗaya don ganin ido, amma ba hanyar kasuwanninki yake bi ba. Sunan da za ki riƙe shi ne Dukuh Atas, don a nan MRT da KRL da busway da jirgin filin jirgi da LRT, wani ƙaramin jirgin kan gada, suka haɗu. In kin ɓata, ki nemi hanyar Dukuh Atas, daga nan kin dawo gida.

Tafiyar da ba ta kai ta jirgi ba kuma ta fi ƙarfin ƙafa, akwai acaɓa, sunansa ojek. Kamfanin Gojek daga wannan kalmar ya samo sunansa. Da waya ake kiransu, za ki gan su da koriyar riga, kuma dole fasinja ya sa hular kwano, su ke bayarwa. Direban yakan turo saƙo yana tambaya ko wurin da kika sa a taswira daidai ne. Ki amsa da "ya" kawai, ki zaɓi biya da tsaba, wato tunai. Ga ƙanenki babu abin da ya fi shi sauri. Ke kuwa, matan garin suna hawa da hijabinsu ba wanda ya kalle su, amma in ba ki saba ba ga bajaj nan, a-daidaita-sahu ne sak, shuɗi, har ƙarar injin iri ɗaya. Ba shi da mita, sai an yi ciniki kafin a shiga. Berapa, nawa ne. Mahal, ya yi tsada. Kiri hagu, kanan dama, lurus miƙe. Da waɗannan biyar da kalkuletar waya kin gama da shi. Ki tattare bakin abaya ko a wanne kika hau.

Akwai wata doka da ke ruɗa baƙi, ganjil-genap, wato mara da cika. Daga Litinin zuwa Juma'a, 6 zuwa 10 na safe da 4 na yamma zuwa 9 na dare, manyan titunan tsakiyar gari sai motar da ƙarshen lambarta ya dace da kwanan wata: ranar mara mai mara, ranar cika mai cika. A 2016 aka kawo ta. Kafin nan dokar ita ce sai mota tana da mutum uku, sai talakawa suka mai da abin sana'a, suna tsayawa bakin titi ana ɗaukarsu haya don a cika adadi. Inda ta shafe ki shi ne, motocin manhaja galibi na gida ne, dokar tana kansu, sai ki ga direba ya soke kiranki ko ya yi ta zagaye ta lunguna. Tasi mai lamba ruwan ɗorawa da babura ba ruwansu da ita. A waɗannan awannin tasi ta fi.

Ba ki faɗi watan da za ki tafi ba, kuma yana da muhimmanci. Daminarsu daga wajen Nuwamba take zuwa Maris, ta fi ƙarfi a Janairu da Fabrairu. Koguna 13 ne ke ratsa garin, kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasarsa yana ƙasa da teku, arewacinsa kuma nitsewa yake yi saboda yawan zuƙar ruwan ƙasa. Yana cikin dalilan da suka sa gwamnati ta shiga gina sabon babban birni, Nusantara, a tsibirin Borneo. Ranar 1 ga Janairun 2020 an wayi gari da ambaliyar da ta kashe mutane da dama, har Halim, ɗaya filin jirgin saman garin, sai da aka rufe. Ba kullum ake irin wannan ba, amma ruwan awa ɗaya da yamma ya isa ya tsayar da titi ya ninka farashin manhaja. In hadari ya haɗo, ki zauna inda kike ki sha shayi, ko ki nufi jirgi. A bakin tashoshi za ki ga yara da manyan laimomi suna ba da haya, su bi ki a baya cikin ruwa har ki isa. Ki ba su da ɗan kauri. Zafin garin ma ba irin na Kano ba ne, mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa, don haka atamfa mai nauyi ta zauna a gida. Gab da azumi da cikinsa Tanah Abang ba masaka tsinke, makon ƙaramar Sallah kuma garin yakan zama kango, kowa ya tafi ƙauyensu, shaguna a rufe. In kayan Sallah kike nema, ki je wata uku kafin azumi, jirgin ruwa ya samu lokacin isowa.

Salla ba za ta ba ki wahala ba. Kowace tasha da kanti da gidan mai akwai musholla, da wurin alwala, da lulluɓin salla na mata a rataye. A saman Blok A ma masallaci ne guda. Abin da zai ba ki mamaki shi ne alƙibla: mu da muka saba har muna ce mata gabas, a can yamma ake fuskanta da ɗan karkatawa arewa. Ki ɗaga kai a ɗakin otal za ki ga kibiya a silin. Asuba tana yi da wuri, wajen 4:30, magariba wajen 6. Shafi'iyya ne, za ki ji liman yana bayyana Bismilla. Ranar Juma'a ciniki yakan lafa da tsakar rana, sai ku yi amfani da damar ku je Istiqlal, masallaci mafi girma a kudu maso gabashin Asiya, wanda aka buɗe a 1978. Daga masaukinku ɗan gajeren zango ne a bajaj. Safiyar Lahadi kuma ana rufe titunan Sudirman da Thamrin ga motoci, jama'a su fito yawo da ƙafa da keke, don haka kada ki sa tafiyar mota ta nan kafin hantsi.

In kwana ya rage miki kina son ganin inda yadin yake fitowa, Bandung ce garin masaƙu, kuma unguwar Cigondewah har da kilo ake sayar da yadi. Tun Oktoban 2023 akwai jirgi mai gudun tsiya, Whoosh, da ke cin kilomita 142 a ƙasa da awa ɗaya. Daga Dukuh Atas za ki hau LRT zuwa tashar Halim, ki sauka a Padalarang, wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ke cikin gari. Ana zuwa a dawo a yini.

Ranar komawa ki rufe lissafi da mai jigila tun jajibiri, ki auna jakunkunanki a otal. In jirginku na dare ne, kada ki ce sai an yi magariba. Ki bar masauki awa 5 kafin tashi, ko ki bi ta BNI City ki hau jirgin ƙasa. Katin hawan nan kada ki jefar, kuɗin da ya rage a ciki yana nan har zuwa na gaba. In biza ta fito ki sake rubuto mini da wata da lokacin saukarku, in gaya miki ko tasi za ku ɗauka ko jirgi.